Jagorar Kula da Wurin Shaƙatawa: Daga Bakin Ƙofa Zuwa Bakin Ruwa

Duk lokacin da sallah ta gabato, tambayoyin masu wuraren shaƙatawa da manajojinsu kusan iri ɗaya ne: me za a fara gyarawa, wane magani ake zuba wa ruwan ninƙaya kuma nawa, mutum nawa za a bari su shiga, me ake yi idan yaro ya nutse. Wannan jagorar ta irin wurin da ake samu ne a Kano, Kaduna, Abuja ko Maraɗi: fili mai katanga, wurin ninƙaya ɗaya ko biyu, lilo da gidan iska na tsalle-tsalle, ɗan ɗakin motsa jiki, rumfar abinci, da janareta a bayan gini. An jera matakan yadda ya kamata a bi su. Mafi yawan aikin na sati biyu ne kafin ranar cunkoso, don ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Fara da sanin adadin da wurinka zai ɗauka

Komai a kan wannan adadin yake tafiya: yawan ma'aikata, yawan magani, yawan bandaki, har da yawan tikitin da za a buga. Ɗauki tef ka auna da kanka.

A wurin ninƙaya, ka ware wa kowane mutum murabba'in mita 3 na saman ruwa. Mai tsawon mita 15 da faɗin mita 7 yana da murabba'in mita 105, wato mutum 35 ke nan a lokaci guda. A zaure ko filin da ake tsayawa kallo, kada a wuce mutum 2 a kowane murabba'in mita. Da zarar an haura 5, mutum ba ya iya sarrafa jikinsa, taron ne ke tura shi.

Idan jama'a sun fi adadin, raba ranar gida-gida. Misali kowane rukuni kusan awa ɗaya a ruwa, da ɗan abin ɗaurawa a hannu mai launi daban: ja daga ƙarfe 10, kore daga ƙarfe 11, haka har yamma. Tsakanin rukuni da rukuni a bar minti 10 a duba ruwa a ƙidaya kai.

*Hattara:* Mai karɓar kuɗi ba shi ne mai ƙidaya ba. Wanda kuɗi ke shiga hannunsa ba zai so rufe ƙofa ba. Sa wani daban, ka ba shi ikon cewa "an cika", kuma ko mai wurin ne ya zo da baƙinsa a jira wasu su fita.

2. Ƙofa, layi da hanyar fita

A ranar 18 ga Disambar 2024 yara 35 suka rasu a turmutsitsin wani bikin yara a Ibadan, bayan an sanar za a raba kyaututtuka jama'a suka yi dafifi fiye da ƙima. Bayan kwana uku aka sake samun irin haka a garin Okija na jihar Anambra da kuma Abuja wajen rabon abinci. Darasin da ya shafi mai wurin shaƙatawa a fili yake: sanarwar "shiga kyauta ga ɗari na farko" ko jefa kyauta cikin taro gayyatar masifa ce. Idan za a yi rangwame, a yi shi ta hanyar sayar da tikiti tun kafin ranar.

Raba ƙofar shiga da ta fita. Yi layin maza daban, na mata da yara daban, da shingen ƙarfe ko igiya mai kauri, faɗin mutum ɗaya, a ƙarƙashin rumfa. Teburin tikiti ya ja baya daga bakin ƙofa, kuma a ware wa masu taransifa da POS tebur nasu, domin jiran shigar kuɗi shi ne ke tsayar da layi har na baya su fara turi. A buɗe a kan lokacin da aka sanar. Mutanen da suka yi awa biyu a rana suna jira ba sa shiga a hankali.

*Hattara:* Ƙofar fita ta gaggawa waje take buɗewa, kuma ba a sa mata kwaɗo muddin akwai mutum ɗaya a ciki. Idan tsoron masu shigowa ta bayan fage ake yi, a ajiye mai gadi a wurin. A kuma hana masu babur da masu sayar da kaya tare bakinta daga waje.

3. Lantarki da janareta

A watan Afrilun 2017 wayar lantarki mai ƙarfi ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba ana cikin kallon wasan Manchester United da Anderlecht, mutane suka rasu. Don haka kafin ka kafa rumfa, gidan iska ko sabon gini, ɗaga kai ka duba abin da ya ratsa ta sama.

Kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba abu huɗu. Na farko, wayar da aka binne a ƙasa don kwashe wutar da ta ɓalle, a gwada ta da mita, ba da ido ba. Na biyu, duk layin da ke zuwa injin ruwa, fitilun bakin ruwa, gidan iska da soket na waje ya bi ta na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take idan ta bi jikin mutum. Tana da maɓallin gwaji, a danna shi duk wata. Na uku, fitilar cikin ruwa ta zama mai bolt 12 da taransifomarta. Na huɗu, a cire duk haɗin waya da aka naɗe da leda ko salatef.

Janareta ya zauna a fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, bututun hayaƙin yana kallon waje. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, alamarta ciwon kai da jiri ne, kuma mai gadin da ke kwana kusa da shi ta fi kamawa. Ba a zuba mai yana aiki. A kashe shi ya huce, jarkokin mai kuma a ɗaki daban.

*Hattara:* Ma'aikata su daina jan wayar caji ko ta lasifika zuwa bakin ruwa. Ƙafa jiƙaƙƙiya a kan tayil jiƙaƙƙe, wuta kaɗan ta isa ta kashe.

4. Ruwan ninƙaya

Nan aikin ya fi yawa, nan kuma aka fi yin ganganci. Ruwa yana iya yin garau alhali babu ɗigon magani a cikinsa.

*Lissafa yawan ruwan.* Tsawo sau faɗi sau matsakaicin zurfi, sannan sau 1,000, shi ne lita. Mita 15 sau 7 sau 1.3 ya ba da lita 136,500. Rubuta wannan adadin a bangon ɗakin inji.

*Sayi kayan gwaji.* Ɗan akwati ne mai kwalabe biyu da allon launi. Ƙwayar gwaji mai suna DPD 1 tana nuna yawan kulorin (maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) mai aiki, DPD 3 tana nuna jimillarsa, jan maganin da ke cikin akwatin kuma yana nuna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Ana ɗebo ruwan gwaji daga zurfin gwiwar hannu, nesa da inda ruwa ke shigowa. A gwada kafin buɗewa, sannan duk bayan awa biyu.

*Abin da ake nema.* Kulorin mai aiki ya zauna tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. pH ya zauna tsakanin 7.2 da 7.6. A fara gyara pH kafin a ƙara kulorin, domin idan ya haura 8 mafi yawan kulorin ɗin da aka zuba ba ya kashe komai, asarar kuɗi kawai. Asid ke sauke shi, garin soda ke ɗaga shi. Garin kulorin da ake kira HTH da kansa yana ɗaga pH, shi ya sa wurin da ke amfani da shi ba ya rabuwa da asid.

*Yawan garin da za a zuba.* Giram 1 na kulorin a lita 1,000 shi ne miligiram 1 a lita. HTH kuwa kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ne kulorin. Ke nan don ɗaga wancan ruwan da miligiram 1, sai a raba 136.5 da 0.65, a samu kusan giram 210. A auna da sikeli, ba da gwangwani ba. A narkar da shi a bokitin roba cike da ruwa, a zagaya ana zubawa inji na aiki, babu kowa a ciki. Da yamma bayan an tashi ya fi, domin rana tana cinye kulorin.

*Hattara:* Gari ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan gari. Kulorin da asid ba sa haɗuwa ko a bokiti ko a ludayi, haɗuwarsu iska ce mai ƙona huhu. Haka HTH da ƙwayar kulorin mai faɗi da ake sawa a kwando, idan suka gauraya suna iya kamawa da wuta. Kowanne da bokitinsa, da wurin ajiyarsa busasshe a kulle, nesa da dizal. Mai zubawa ya sa safar hannu ta roba, tabarau da takunkumi.

Ita waccan ƙwayar mai faɗi tana ɗauke da wani sinadari da ke kare kulorin daga rana. Kaɗan daga gare shi, miligiram 30 zuwa 50 a kowace lita, yana da amfani. Amma taruwa yake yi, ba ya fita. Idan ya yi yawa sai ka ga gwaji na nuna akwai kulorin amma ruwa na yin kore. Maganinsa ɗaya ne, a zubar da wani kaso na ruwan a ƙara sabo.

Ƙarfin warin kulorin da jan ido ba alamar magani ya yi yawa ba ne, kamar yadda mutane ke zato. Alama ce kulorin ya haɗu da gumi da fitsari ya gaji. Cire sakamakon DPD 1 daga na DPD 3. Idan bambancin ya kai miligiram 1, ruwan na buƙatar magani mai ƙarfi da dare da ƙarin sabon ruwa. Abin da ke rage wannan tun farko shi ne shawa a bakin shiga da tilasta wa kowa ya watsa ruwa, da kai yara bandaki kafin su shiga.

*Inji da tankin yashi.* Dukkan ruwan ya kamata ya ratsa tankin tacewa cikin awa 6 ko ƙasa da haka. Ga misalinmu, injin da ke tura kusan lita 23,000 a awa ke nan. Na ƙananan yara ya fi buƙatar sauri, awa ɗaya ko ƙasa. Inji ya yi aiki duk tsawon lokacin da mutane ke ciki, kuma ya yi cikakken zagaye kafin a buɗe. Kashe shi don adana dizal ana cikin ninƙaya shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Duba agogon auna matsin ruwa da ke kan tankin ranar da yashi yake da tsabta, ka yi alama. Idan allurar ta haura da 8 zuwa 10 a ma'aunin psi, lokacin wanki ya yi. Kashe inji, juya hannun sauya hanyar ruwa da ke jikin tankin zuwa inda aka rubuta Backwash, kunna minti 2 zuwa 3 har ruwan da ke cikin ɗan gilashin da ke kusa da hannun ya washe. Kashe, juya zuwa Rinse na kusan minti ɗaya. Kashe, mayar kan Filter. Da hunturu ƙura na toshe yashi da wuri, wankin zai fi yawa.

*Hattara:* Ba a juya hannun nan inji na aiki, robar ciki ke yagewa, daga nan datti ya riƙa komawa ruwa.

*Lokacin da ake rufewa ba shawara.* Idan ba a ganin murfin magudanar ƙasa daga bakin ruwa, a fitar da kowa, domin yaron da ya kwanta a ƙasa ma ba za a gan shi ba. Idan murfin ya fashe ko ya cire, a rufe, zuƙar inji tana riƙe gashi, tufafi ko jikin yaro. Kowane mai ceto ya san inda makunnin kashe injin yake. Idan aka ji tsawa, a fita, sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe.

*Idan yaro ya yi bayan gida a ruwa.* A fitar da kowa, a kwashe da raga. Idan mai tauri ne, a tabbatar kulorin ya kai miligiram 2, pH bai wuce 7.5 ba, a jira minti 30. Idan zawo ne, lamarin ya bambanta, domin akwai ƙwayar cutar da ke jure kulorin na kwanaki. Ana ɗaga maganin zuwa miligiram 20 a riƙe shi a haka awa 13 inji na aiki, sannan a wanke yashi, a jira ya sauko. A misalinmu wajen kilo 4.2 na HTH ke nan, kuma idan akwai wancan sinadari mai kare kulorin a ruwan, lokacin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Ƙaramin wurin yara kuwa a zubar da ruwan gaba ɗaya a wanke. Ranar ta tafi, a mayar wa mutane kuɗinsu.

5. Masu ceto

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 suka rasu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma ƙananan yara ne kan gaba. Mai nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu. A tsaye yake cikin ruwa, kai a baya, baki na shiga yana fita, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace, sau da yawa a tsakiyar mutane suna zaton wasa yake.

Iya iyo kaɗai bai mai da mutum mai ceto ba. Kafin ɗauka a gwada shi: ya ninƙaya tsawon wurin ya dawo, ya nutse ya ɗauko abu mai nauyi daga mafi zurfi, ya ciro babban mutum zuwa baki. A tura shi horon agajin gaggawa, ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana bayarwa a rassanta na jihohi. Ƙa'idar aikinsa: idonsa ya zagaye yankinsa cikin daƙiƙa 10, ya iya isa ko'ina a cikinsa cikin daƙiƙa 20. Ranar cunkoso mutum biyu ne mafi ƙaranci, ana sauya su duk minti 30, musamman a zafin Afrilu ko da azumi. Ba waya a hannunsa, ba a aikensa, ba ya karɓar tikiti. Kujerarsa mai tsayi ce da laima, a inda hasken rana ba ya kashe masa ido. Kusa da shi usur, doguwar sanda da zoben ceto mai igiya.

Rubuta zurfi da manyan lambobi a bakin ruwa, ka ja igiya mai balan-balan a inda zurfi ya fara. A hana alkafura da faɗawa da ka a duk inda bai kai mita 1.5 ba, karayar wuya daga nan take zuwa. Yaro ƙasa da shekara 8 ba ya shiga sai da babba a cikin ruwan, babba ɗaya yara biyu. Yaya mai shekara 12 ba babba ba ne. Tayar roba da balan-balan na hannu kayan wasa ne, ba sa hana nutsewa.

Idan an ware wa mata rana ko awanni, kuma ya kamata a ware, dole a samu mace mai ceto. Janye namiji a bar wurin ba kowa kuskure ne babba. A kuma bayyana musu irin suturar da ta dace: mai rufe jiki amma marar nauyi. Zani, atamfa da dogon hijabi suna shan ruwa su naɗe ƙafa.

*Hattara:* Bayan an tashi, a kulle katangar wurin ninƙaya. Lokacin da ake biki a zaure da dare, babu mai kallon ruwa, yara kuwa suna yawo.

6. Idan an ciro mutum daga ruwa

A busa usur, kowa ya fita. Mutum ɗaya ya kira 112 da asibiti mafi kusa, wani ya tayar da mota. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓa, a duba numfashi na daƙiƙa 10. Idan babu, a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba da haka. Saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfi santimita 5 zuwa 6 ga babba, kashi ɗaya bisa uku na kaurin ƙirji ga yaro. Ba a tsayawa sai ya fara numfashi ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Idan yana numfashi, a juya shi gefe.

*Hattara:* Kada a ɗaga shi ƙafa sama, kada a matsa cikinsa wai don ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Duk wanda ya shaƙi ruwa a kai shi asibiti ko ya miƙe yana cewa lafiya lau.

Ranar cunkoso a ajiye mota ɗaya da direba da mai a tanki, fuskarta na kallon ƙofa. Lambobin asibiti, 'yan kwana-kwana da ofishin 'yan sanda na unguwa a manna su a bango.

7. Wurin wasan yara

Kowace safiya mutum ɗaya ya bi lilo da abin zamiya da hannunsa: noti da ya kwance, sarƙar da ta cinye, ƙarfen da ya yi tsatsa ya yi kaifi. Ƙarƙashinsu yashi mai kaurin santimita 30 ko shimfiɗar roba, ba siminti ba. Da rana a taɓa abin zamiya na ƙarfe da bayan hannu, idan ba za ka iya barin hannun ba, fatar yaro ma ba za ta iya ba. A yi masa rumfa.

Gidan iska a ɗaure shi aƙalla wuri 6 da turakun ƙarfe masu tsawon kusan santimita 38. Iskar da ta kai kilomita 38 a awa, wadda ke kaɗa ƙananan bishiyoyi, tana iya ɗaga shi da yaran ciki. Da an ga hadari ya haɗo a sauke yara a kashe shi, kada a jira iskar farko ta damina. A raba manya da ƙanana, a cire takalma. A shirya abin yi idan wuta ta ɗauke, domin yana lotsawa a kan yara cikin ɗan lokaci: mai kula ya kwashe su nan take, ba ya tafi neman mai janareta ba.

Yaran da suka zo yawon sallah su kaɗai, babba na riƙe da ƙannai biyar, su ne suka fi ɓata. A bakin ƙofa a rubuta lambar wayar gida a abin hannun ƙaramin. A ware rumfa ɗaya ta yaran da suka ɓata da mace mai kula. Idan aka kawo rahoto, a tsayar da fita, mutum ɗaya ya ruga ya duba ruwa kafin ko'ina. Ba a miƙa yaro ga wanda ya ce nasa ne sai an kira lambar.

8. Motsa jiki, abinci da gobara

A ɗakin motsa jiki a bar fili mita 2 a bayan injin gudu, a sa kowa ya maƙala igiyar tsayarwa a rigarsa. Sabon shiga a tambaye shi hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya. Yara ba sa shiga.

Abinci mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da 5. Abin da ya yi awa 2 a fili a zubar. Ƙanƙara, zoɓo da kunun aya a san ruwan da aka yi su da shi, musamman da damina lokacin kwalara. Tukunyar gas a waje, a gwada tiyo da ruwan sabulu. A ajiye ruwan sha da inuwa. Wanda zafi ya buge a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da suga: lita 1, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya ruɗe ko ya suma, asibiti.

Tukunyar kashe gobara ta gari a ɗakin janareta da kicin, mai iskar CO2 kusa da allon lantarki, bargon gobara kusa da mai suya. Allurar agogon tukunyar gari ta zauna a kore, a yi wa kowace tukunya sabis duk shekara. Gayyato hukumar kashe gobara ta jiha ta duba wurin ta kuma nuna wa ma'aikata yadda ake zare fil a nufi gindin wuta. Ƙuna ruwan famfo ake sakar mata minti 20, ba man goge baki ko ƙwai ba.

9. Abin da ke dawo da kwastoma

Magidancin da ya kawo iyalinsa ba ya ganin sakamakon DPD. Bandaki yake gani. A sa mai shara na dindindin a na maza da na mata, da ruwa, buta da sabulu, a duba duk awa. Wurin alwala da na salla, na mata a killace. Waɗannan sun fi sabon fenti tasiri.

Farashi a rubuta shi ɓaro-ɓaro a waje da Hausa da Turanci, har da abin da tikitin bai ƙunsa ba. Mutum ya biya kuɗin shiga sannan ya tarar kowane lilo da kuɗinsa, 'ya'yansa na kallonsa, ba zai dawo ba kuma zai faɗa wa unguwa. A ba da rasit. A rubuta ƙa'idar mayar da kuɗi idan an rufe ruwa ko an yi ruwan sama. A Najeriya, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba kwastoma damar kai ƙara hukumar FCCPC mai kula da wannan haƙƙi, gara a gama magana a ofishinka. A lokacin mata a hana ɗaukar hoto da bidiyo, ma'aikata ma har da su. A tanadi akwatunan ajiye waya masu makulli.

Hana mutum abu ba ya kore shi, yadda aka hana shi ne ke kore shi. A koya wa ma'aikata kalaman. Ba "ke, fitar da yaron nan" ba, a'a: "Hajiya, ki yi haƙuri, nan ya fi ƙarfinsa, ga na yara can, bari in raka ku." A bakin ƙofa: "Alhaji, ranka ya daɗe, an cika yanzu, nan da minti ashirin wasu za su fito, ga kujera a inuwa." Mai ƙorafi a janye shi daga taro, a zaunar da shi, a saurara har ya gama, a rubuta a gabansa, a faɗa masa abin da za a yi da lokacin da za a yi. Lambar WhatsApp ta ƙorafi ta kasance a hannun manaja, a amsa cikin kwana ɗaya. Ƙorafi ɗaya da ya fito daga bakin mutum uku a mako, gyara yake nema, ba ban haƙuri ba.

10. Kuɗi da littafin aiki

Abu uku ke cin kuɗi kullum: dizal, magani da albashin masu ceto. Idan ruwanka na cinye miligiram 2 zuwa 3 a rana, a misalinmu giram 420 zuwa 630 na HTH ke nan, wato kilo 13 zuwa 19 a wata. Duro mai kilo 45 zai kai wata biyu zuwa uku, ban da ranakun cunkoso. Tambayi farashin duro da na litar dizal a ranar, ka haɗa da albashi, ka raba da adadin mutanen da ka samu a mataki na 1. Idan lissafin bai fita ba, a ƙara kuɗin tikiti, kada a ƙara yawan mutane. Sola ga injin ruwa tana rage dizal sosai, tunda da rana ake buƙatarsa. RCD, kayan gwaji, zoben ceto da akwatin agaji sau ɗaya ake sayensu su daɗe, kuma su ne mafi araha a jerin. A sa inshorar da ta shafi jama'ar da ke shigowa cikin kasafi, da kashi 1 cikin ɗari na albashi da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a biya hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF.

A ajiye littafi mai bango mai tauri: kwanan wata, lokaci, kulorin, pH, maganin da aka zuba, wankin yashi, duba lilo, sunan mai ceto da sa hannu. Manaja ya ɗauki kayan gwaji da kansa sau ɗaya a rana a lokacin da ba a zata ba, domin shafin da kullum ke nuna 2.0 da 7.4 ba canji a zaune aka cike shi. Duk abin da ya faru, ko gurjewar gwiwa ce ko yaron da aka cafko kafin ya sha ruwa, a rubuta wuri, lokaci, dalili da wanda ya gani. Ƙarshen mako a zauna da ma'aikata minti 15 a karanta. Idan tayil ɗaya ya kayar da mutum biyu, a sauya shi ko a shimfiɗa masa roba kafin Asabar mai zuwa.